Umarnin da Oga Ya Kira Gwaji

A shagon da nake koyon rubuta manhaja a unguwar Farin Gada ta Jos, ogana ba ya sauya wa umarnin kwamfuta suna. Umarnin da ke aika saƙo ga direbobin tumatir, “gwaji” ya raɗa masa tun yana gwada shi, haka ya bar shi. Na gaskata sunan, na danna.

Saƙon da ke cikinsa ya tafi wa duk direbobin: “Kada ku shigo kasuwa yau.”

A Jos, garin da ya sha rikici, wannan ba maganar wasa ba ce. Da labari ya bazu, masu kabeji suka fara kwashe kaya. Mama ta kira ni tana haki: “Ke, kina ina? An fara ne?”

Oga ya sauya sunan ranar. Ni dai har yau sai na duba sau biyu kafin in danna komai.