Wadda Ba Ta Kiran Sunansa

Batulu mai ƙuli-ƙuli a Roni aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan aka rufe ta. Wanda duk ya ci kasuwar garin a ƙarshen zamanin Turawa ya san man gyaɗarta. Mace ce mai kunya har ta wuce misali. Ɗanta na fari, Lauwali, tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba. Da aka yaye shi ta miƙa wa yayarta Adda, wadda Allah bai ba haihuwa ba, suna zaune gida ɗaya. In abinci za ta ba shi, sai ta dire kwano ta ce, "Adda, ga na wancan." Amma in ka buɗe kwanon, tsokar da ke ciki daga kasonta ta fito.

Yaro ya tashi da kan ciniki. Ya yi elementare a Kazaure, ya wuce Midil a Kano, ya taɓa akawu wurin masu sayen gyaɗa. Daga nan gwamnati ta zaɓe shi zuwa Ingila, ya koyo yadda ake tallata kayan wata ƙasa a kasuwar wata.

Ranar tafiya ya durƙusa a bakin ɗakinta.

"Inna, zan tafi."

Tana matsar tunkuza, ba ta ɗago ba. "To. Allah ya kiyaye hanya."

Adda ce ta yi kukan, ta raka shi har bakin mota. Batulu ta leƙa ta tsagar zana, ƙeyarsa kaɗai ta gani.

Damina ta zagayo, sai aka aiko cewa ɗaliban Arewa za su yi gaisuwa a rediyon London. Maikasuwa, wan mijinta, shi ke da akwatin rediyo. Ran nan da la'asar ya kinkimo shi har tsakar gida, mata suka kewaye. Akwati ya yi ta ƙugi, can murya ta fito sarai: "Salamu alaikum, ni ne Lauwali ɗan Roni."

Idanu suka juyo kan Batulu. Ma'u, matar Maikasuwa, ta tafa hannu. "Uwar Bature, yau dai kya baza kunne!"

Batulu ta miƙe. "Na bar mai a wuta."

Babu wata wuta. Madafa ta shiga, ta zuba gyaɗa a turmi, ta kama daka da ƙarfi, don kada a ce laɓewa ta yi tana sauraron ɗan fari. Ƙarar taɓarya ta danne muryar har aka gama.

Adda ta biyo ta tana share ido. "Ke kam, Batulu! Ya ce ya ga man gyaɗa a kwalabe ɗauke da sunayen Turawa, wataƙila ma gyaɗarmu ce. Wai malamansu sun ce kaya sai da suna yake tafiya nesa. In ya dawo, sunanki zai liƙa a kwalba. Kuma ya ce yana gaida wadda ba ta kiran sunansa, ya san tana ji."

"Surutu dai," in ji Batulu. "In ya dawo na ji."

Bai dawo ba. Sanyin ƙasar ya kama masa ƙirji, saura kaɗan ya gama karatu. Manzon hakimi ne ya kawo labarin, ya ce 'yan'uwansa ɗalibai Musulmi sun yi masa sutura a can. Masu ta'aziyya Adda suka riƙa rarrashi. Batulu ita ke kai musu ruwa.

Bayan sadakar arba'in ta je ta tsuguna gaban Maikasuwa.

"Yaya, akwatin nan, ba ya maimaita abin da ya faɗa?"

"Abin da ya wuce ya wuce, Batulu. Sai haƙuri."

Ya tashi zuwa masallaci, ya bar ta da akwatin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta goge hannunta da bakin zane, ta dafa inda murya ke fitowa.

"Lauwali," ta ce. Ta sake, kamar mai kira ya zo ya ɗauki kwano. "Lauwali."

Adda na tsaye a bakin zaure, ta ji. Ta juya baya ta shiga gyaran tsintsiya, kuma har Allah ya karɓi ran Batulu ba ta taɓa nuna mata ta ji ba. Allah ya jiƙansu, ya sada uwa da ɗa inda babu sauran kunya.