Tana Tashi, Ba Ta Tsayawa

Shekara ashirin da takwas Saje ya yi yana gyaran motoci a garejin bariki, amma Jan Alli kowa ke ce masa. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin faratansa har sabulu ya haƙura. Ba ya faɗa, ba ya zagin direbobi. Laifinsa ɗaya, ba ya jin lallashi.

A bangon garejin akwai allo mai lambobin manyan motoci goma sha biyu. Duk Alhamis yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa lafiyayya koren alli, mai matsala kuma ja. Akawu ya kwafe, a aika hedkwata. Da wannan takarda manya ke sanin ko rundunar a shirye take in an neme ta. In tara suka yi kore an tsira, in ba su kai ba a rubuta ba ta shirya ba. An ce a wasu garejin batir ɗaya ake yawo da shi daga mota zuwa mota ranar dubawa, kowace ta yi tari ta tashi, a wuce. In Saje ya ji wannan labari tsaki kawai yake ja.

Saura wata huɗu ya yi ritaya aka sa sunansa cikin masu jiran ƙarin girma, abin da ya shekara goma sha ɗaya yana sa rai a kai. Sa hannun Kyaftin, shugabansu, kaɗai ya rage. Matarsa kuwa, da bakinta ba ya riƙe abin daɗi, tuni ta fesa wa duk matan layinsu.

Sai ga wata Alhamis takwas kaɗai suka yi kore. Lamba bakwai injinta garau, murɗa makulli ɗaya take tashi, amma birkinta na yoyon mai, in ka taka sai ƙafarka ta nutse har ƙasa.

Kyaftin ya sauko garejin da kansa. Ba mugun mutum ba ne, matashi ne da shi ma ake matsa wa daga sama.

"Saje, duba takardar nan da kyau. Cewa ta yi, motar tana tashi? To, tana tashi ko ba ta tashi?"

"Tana tashi, Yallaɓai."

"To mene ne na ja?"

"Ba ta tsayawa ne, Yallaɓai. Wanda ya tsara takardar bai taɓa saukowa gangare da mutum talatin a bayansa ba."

Kyaftin ya rage murya. "Baba, mako ɗaya kawai. Ka fa san takardarka tana kan teburina."

Saje ya sani sarai, kuma yana son girman nan har cikin ransa, ƙarya ne ya ce ba ya so. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ɗauki jan alli ya nufi allon.

Rahoto ya tafi, Kyaftin ya sha faɗa. Da jerin sunaye ya fito bayan wata biyu, Saje ya karanta daga sama har ƙasa sau biyu, babu nasa.

Ya koma gida da la'asar, kunyar matarsa ta fi komai damunsa. Ya same ta tana kwashe shanya, ya gaya mata duk yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta gama ninke zanen da ke hannunta.

"To motar fa, Maigida? An gyara ta?"

"Da suka ga jan sai suka aiko da kayan birki. Jiya na ɗaura."

"Yanzu tana tsayawa?"

"Tana tsayawa."

"Shi ke nan. Matan layi ka bar ni da su, ni na faɗa, ni zan janye. Je ka wanke hannu, abinci na hucewa."

Ya tsuguna bakin famfo, ya daɗe yana wanke fuska don kada ta ga idonsa.