Iskar Argungu a Tayar Gaba

Tun kafin a cire mu daga jihar Sakkwato, kawuna yana da keke mai siraran tayoyi da wata aƙida tasa. Tayar baya iskar Birnin Kebbi take sha, tam, saboda kwalta. Ta gaba kuwa sai iskar Argungu, sakwa-sakwa, saboda rairayi. Har can yake zuwa a buga mata iska da famfo.

Wata rana mai faci ya ƙara masa ta Birni a kan ta Argungu. Keken ya watsar da shi a gonar albasa a Ambursa.

Ya dawo yana ɗingishi, ya ce wa kakarmu, "Inna, iskoki ne sunka gamu."

Ita aljannu ta ɗauka. Ta kulle keken a ɗaki tana yi masa turare safe da yamma. Kawu kuwa ko man zafi bai samu ba.