Mai Ɗaukar Hannayen Tsoho

Ran kasuwar Goronyo, Malam Maccido ya kasa ɗauke ido daga wata siririyar budurwa. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gaban wani tsoho mai gyaran albasa, ta jingina wayarta da bulo. Hannayensa kawai take ɗauka, tana riƙe numfashi don kada ta ɓata sautin ɓawon.

"Ɗiyata, mi kike yi haka?" in ji Maccido.

"Aikin jami'a na, Baba. Haɗa bidiyo muke koyo."

Abin da ɗansa Zulkifilu yake karantawa ke nan kafin ya rasu bara. Kyamararsa na cikin akwati, Maccido ya hana kowa taɓawa.

Wayar ta zame ta kife a ƙasa. Ta goge ta da hijabi, ta sake farawa.

"Kasuwa mai zuwa ki jira ni nan," in ji Maccido. "Zan kawo maki kyamarar yayanki, ɗana Zulkifilu."