Takardar da Kawu Ya Rubuta da Jan Biro

Shekara biyu na yi a ƙaramar kwalejin da ke kusa da gidanmu a Hyattsville ina bin wata takarda da kawuna ya rubuta mini da jan biro. Yayan mahaifiyata ne, shi ya ɗauko ni daga Kano. Ya daɗe yana tuƙa tasi a Washington, saboda haka a wajenmu babu abin da bai sani ba, daga gyaran mota har karatun jami'a.

Burina in wuce jami'a in karanci zane da kwamfuta. Cikin darussan da jami'ar ta ce sai an yi kafin ta karɓi mutum akwai zanen jikin ɗan Adam, inda wani ke tsayawa ba tufafi ɗalibai su zana shi. Kawu ya ja tsaki, ya soke shi, ya rubuta ginin tukwane a madadinsa. Wai duk aikin hannu ɗaya ne, Turawa ba sa dubawa. Kullum ta ƙofar ofishin mai ba ɗalibai shawara nake wucewa, ban taɓa leƙawa ba. Tambayar wani bayan babba ya yi magana ai ƙaryata shi ne, kuma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na baro garin da ake sayar da tukunya a bakin titi, na zo Amurka ina kwaɓa yumɓu, har kicin ɗinmu ya cika da tukwane.

Ranar da na kai takarduna na neman wucewa jami'a, matar da ke karɓa ta ce saura darasin zanen jikin nan, sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, kuma an rufe rajista. Sai baɗi. Ta tambayi wanda ya tsara mini darussan, na ce ni ce.

Bayan mako biyu aka yi suna a Laurel. Na shiga falo gaida manya, na tarar da Kawu ya baje a kujera, baki duk maiƙon nama, yana rubuta wa 'yar maƙwabtanmu takarda da jan biron nan. Ita ma zane take so. Ya nuna ni ya ce, "Ga yayarki nan, ni na tsara mata komai. Ko ba haka ba?"

Yarinyar ta ɗago tana kallona. Daga inda nake ina hango layin da ya soke.

Na durƙusa na ce, "Haka ne, Kawu. Allah Ya saka da alheri."

Haushinsa bai daɗe a raina ba, ƙyamar bakina ce ta ƙi tafiya. Da shekara ta zagayo, ina fitowa daga ajin da ya soke mini, sai na yi kiciɓis da yarinyar a baranda, hannu duk yumɓu, rungume da ɗanyar tukunya. Ta gaishe ni da fara'a, har da rusunawa.