Jingar da Na Yanke Ina Tsaye a Ƙasa

A sana'armu ta gini ba a yanke jingar gyaran soro daga ƙasa. Sai ka hau, ka tuɓe takalmi, ka bi rufin da diddige lungu-lungu, ka ji inda yake da tauri da inda yake lotsawa, sannan ka sauko ka buɗe baki. Haka Baba ya koya mini, wani tsohon magini na Gwaram wanda na yi shekara tara a hannunsa kafin na tsaya da ƙafata. Sau ɗaya tak na karya wannan ƙa'ida.

Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Mahara suna ta saukowa daga duwatsu, mutane suka bar gonakin nesa, hatsi ya yi tsada, ba mai zancen sabon gini. Magina muka yi yawa a Birnin Kudu, aiki kuwa sai ɗan yaɓe da gyaran indararo. Ka faɗi kuɗinka da safe, kafin azahar wani ya zagaya ya rage wuri ɗari biyu ya ƙwace aikin. Kai, har masu cuɗa ƙasa suka wayi gari magina! Ni ga iyali, ga rumbuna ana jin ƙasansa.

Ana haka wani malami ya aiko a kira ni. Soron da yake ajiye littattafansa ne yake yoyo, ga damina ta ƙarato. Na shiga na gan su rataye cikin gafaka, duk rubutun hannun mahaifinsa da kakansa.

Ya ce, "Malam magini, jiya wani dattijo daga Gwaram ya duba. Ya ce zambar shida."

Na san Baba ne. Wuri dubu shida a kan yoyo? Raina ya ce tsohon nan ya ga wurin ci ne. Na ɗaga kai, na ga tabon ruwan bai fi faifai ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, zambar biyu. In yaɓe shi da makuba, ko ɗigo ba za ka ƙara gani ba."

"Ba za ka hau ka duba ba? Shi fa ya daɗe a sama."

"Tsufa ne, Allah gafarta. Mu daga nan muke gani."

Wallahi haka na ce. Bakin nan nawa!

Washegari na hau da kayan aiki. Taku na uku diddigena ya nutse. Ruwa ya daɗe yana bin bango, kawunan azara sun ruɓe a ciki. Maganinsa sai a yaye rufin gaba ɗaya, a ɗauko sabuwar azara a jaki tun daga garin Sara. Ashe nan zambar shidan Baba za ta tafi, shi kansa ba wani abin kirki zai samu ba.

Na zauna a kan soron na daɗe. Na san abin da ya kamata: in sauko in ce na yi kuskure. Amma na riga na karɓi rabin kuɗin, har an auno dawa an daka. Kuma da wane ido zan koma in ce wanda na kira tsoho shi ne mai gaskiya? Sai na yaɓe. Na yi yaɓe biyu, mai kauri, na goge har yana sheƙi. Wato na ƙara wa ruɓaɓɓiyar azara nauyi da hannuna.

Ran kasuwa na haɗu da Baba. Bayan gaisuwa ya ce, "Na ji kai ka karɓi soron Malam. Ka taka shi?"

Na ce, "Na taka, Baba."

Ya dube ni, ya ce, "To." Ya wuce abinsa.

Da marka ta zo aka kwana uku ana ruwa. Ran na ukun, bayan la'asar, rufin ya rufta. Allah ya sa ba kowa a ciki. Na sheƙo a guje, muka yi ta tono da hannu. Gafakai sun sha taɓo, takardu sun manne da juna, tawada ta narke ta bar su toka-toka. Muka baza su a tabarmi cikin zaure.

Malam ya ɗauki guda yana juya ta. Ya ce, "A nan kakana ya rubuta bayanin rabon gado, da abin da ya ji daga bakin malamansa a gefe-gefe. Ban haddace ba. Na ɗauka kullum yana nan."

Sai ya ga hawaye a fuskata. Ya ce, "Haba malam magini, kada ka sa a ranka. Ai na ga irin yaɓen da ka yi, ba ka yi ha'inci ba. Ruwan bana ne ya fi ƙarfinmu." Har ya sa mini albarka. Ni kuma, marar kunya, na ce amin.

Ya yi yawo har Kano yana neman inda zai kwafo abin da ya rasa. Ya samu wasu, na kakansa kam babu su a ko'ina. Shekara huɗu ya ƙara a duniya. A cikinsu duk ɗan gyaran da ya taso a gidansa ni yake kira, bai ƙara jin kuɗin wani magini ba, wai ni mai amana ne. Kowane zuwa ina cewa yau zan faɗa masa. Har muka kai shi makwancinsa ban faɗa ba.