Gwangwanin Goggo

Shekarar da Goggo, yayar babana, ta zo Dubai saro atamfa da turare, a gidanmu na Abu Hail ta sauka. Ta haura saba'in, kuma na san ta da ciwon gwiwa mai sa ta yin sallah a zaune. Sai ga ta tana zaga Murshid Bazaar da ƙafarta, ni ce ma nake haki a bayanta.

Abin yana cikin wani gwangwanin madara. Kullum da safe takan ɗebi wani koren gari ta kaɗa a kunu, tana sa wa ɗanta albarka, wai shi ya samo mata wajen wani mai magani. Ɗan nata taubashina ne, kuma tun muna yara na san shi da rainin hankali.

Ranar da na buɗe gwangwanin zan zuba mata, warin ya dake ni. Kusa da tashar mota na taso, ba wanda zai gaya mini warin wiwi. Na sayi kati na kira shi Kano.

"Kai, me ka ba Goggo?"

Dariya ya yi. "Ba ta miƙe ba? Likita nawa suka gaza?"

"Ka san inda ka turo ta da shi? A garin nan ɗan ɓurɓushi a aljihu ɗaure mutum ake yi, ba ruwansu da furfura."

"Ai ta wuce filin jirgi. Khalas, in ji ku mutanen Dubai, magana ta ƙare. Ke dai kada ki gaya mata."

Har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Ban musa ba, garin ya yi mata aiki, da idona na gani. Amma ya ɗora wa tsohuwa abin da zai kai ta kurkuku a ƙasar da ba ta jin yarensu, ko gargaɗi bai yi mata ba. Ga Goggo ba ta iya cin alheri ita kaɗai, har ta yi wa wasu hajiyoyi a wani otal na Deira alkawarin za ta ƙulla musu a leda.

Na juye garin maganin a masai, na kora ruwa, na wanke gwangwanin da sabulu.

Gaya mata kuwa na kasa. Matar da ko sigari aka kunna kusa da ita sai ta bar wurin, ita zan ce wa wata da watanni da wiwi take karya kumallo, kuma ɗan cikinta ne ya ba ta? Sai na ce fumfuna ya yi, na zubar.

Ta daɗe tana kallona. "Jiya na sha, lafiyarsa ƙalau. 'Yar nan, don kin zauna cikin Larabawa shi ne maganinmu ya zama ƙazanta?"

Ba a jima ba ciwon ya dawo. Na sayo mata ƙwayoyi a kemis, ta ture. Ragowar sarin ni na yi mata, tana kwance ta juya mini baya. A keken marasa lafiya aka tura ta zuwa jirgi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ta amsa wa mijina.

Ba ta ƙara zuwa Dubai ba, ba ta ƙara kiran sunana ba. Da ta rasu na je Kano gaisuwa. Ina zaune cikin mata, wata tsohuwa da ba ta san ni ba tana ba da labarin yadda ɗan marigayiya ya nemo mata magani, wata 'yar ƙaninta marar imani ta zubar. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, yana jin komai. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da jan carbinsa.